Dutsen Kaushin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban iyayen yara a wata sakandare da nake koyarwa a Kankiya, riƙe da dodon koɗin teku. Ba mai rai ba ne, ya zama dutse tun kafin a san mutum a duniya, irinsa ma ya ƙare. Wani abokina da ke aikin haƙar farar ƙasa a Sakkwato ya ba ni shi, murɗaɗɗe kamar katantanwa, da zane-zane a bayansa. Na ajiye shi a tagar tsakar gida.

A lokacin ana neman wanda zai shugabanci sashen kimiyya, ni kuwa na sa rai. Da aka sa ranar taron iyaye sai na nemi a ba ni fili. Har Gwaggona, wadda ta zo daga Dudunni ganin likita ta yi wata a gidanmu, na gayyata (don ta koma ƙauye ta ba da labarina, ba don komai ba).

Da safe ina sauri, na ce wa maiɗakina ta naɗe mani dodon koɗin a hankici. Ban duba ba.

Na yi bayani yadda ya kamata. Na ce teku ta taɓa shafe ƙasar Sakkwato, kuma ga shaida a hannuna, za su ga zanen jikinsa da idonsu. Shugaban makaranta na ta gyaɗa kai. Na warware hankicin, na ɗaga sama.

Babu zane, babu murɗiya. Wani ɗan dutse ne sumul, da busasshen sabulu a gefe.

Ina cikin jujjuya shi sai muryar Gwaggo ta taso daga layin mata.

"Kai ɗan nan, ashe kai ka ɗauke mani dutsen kaushina? Tun asuba nike biɗarshi."

Sai wani dattijo ya tambaye ta ko yana da kyau.

"Da fari yana ci sosai," in ji ta. "Yanzu ya lalace."

Muƙamin dai wani aka ba. Abin da na koya shi ne, duk abin da ka ɗauka da daraja, ka gaya wa mutanen gidanku kafin ka gaya wa duniya. In ba haka ba, su ma za su sama masa aiki.