Yadda Za Ka Yi Wanka da Sabulun da Matarka Ta Haɗa, Aurenka Ya Tsira

Ɗan'uwa, idan matarka ta kalli bidiyo biyu a waya, ta sayo soda da man kwakwa, ta kwashe robobin kicin ta cika su da sabulu, to wannan darasi naka ne. Wata uku na yi a cikin wannan hali, na fito da aurena lafiya lau. Fatar ce dai har yanzu tana hanya. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ba mai jin kanku.

1. Yi yabo tun kafin wanka

Za ta miƙo maka shi a tafin hannu kamar jariri sabon haihuwa. Kada ka tambayi yadda ta auna sodar. Tawa da murfin fulas ta auna, don ba mu da sikeli. Shinshina, lumshe ido, ka ce na kanti bai kama ƙafarsa ba. Yi yabon yanzu, bayan wanka bakinka ba zai iya ba.

2. A banɗaki, ka tuna kai namiji ne

Minti na farko kumfa ce mai daɗi. A na biyu za ka ji kamar an baɗa maka barkono a gadon baya. Kada ka yi ƙara, ƙure famfo. Za ta tsaya bakin ƙofa tana tambayar yaya ka ji shi. Ce mata: "Yana shiga jiki." Ba ƙarya ka yi ba.

3. Koyi susa ta masu ilimi

Cikin kwana uku za ka bushe, ka yi furu-furu kamar wanda ya sauke motar siminti. Masana sun tabbatar susa a gaban mai sabulu zagi ne. Saboda haka jingina da gefen ƙofa kamar mai zurfin tunani, ka riƙa goga baya sannu-sannu. A ofis kuwa rula ce abokiyarka. Ni dai na yi amfani da ita har manajanmu ya janye kujerarsa daga kusa da ni, ya ce in akwai abin da nake ɓoyewa in faɗa tun bai zagaye ma'aikata ba.

4. Nemo mai laifi

Ruwan famfo. Sauro. Sabuwar riga. Ni tawul na ɗora wa, aka jefar da shi yana ji yana gani, bai ci ba bai sha ba.

5. Je wurin mai kemis, amma a unguwar gaba

Ni na yi kuskure na je na layinmu. Ya duba hannuna, ya ba ni man shafawa, ya ce in bar sabulun yau ɗin nan. Na tambaye shi ko akwai ƙwayar da mutum zai sha ya ci gaba da wankan. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce ni ne na huɗu a satin, kuma duk sauran ukun kyauta aka aika gidajensu daga gidana.

6. Ranar da dabara za ta ƙare

Wata safiya za ka tarar ta jera guda shida a leda, ta ce na mahaifiyarka ne. Tsohuwar da ko ruwa ya cika zafi sai fatarta ta yi ja. A nan ba sauran wayo. Ni na zaunar da ita, na naɗe hannun riga, na nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Sai ta tashi ta buɗe ƙasan akwatinta, ta fito da sabulun kanti, ya kusa ƙarewa.

Ashe tun satin farko ta daina wanka da nata. Ta ɗauka fatarta ce mai tsirfa.

"To, Baban yara, ni na ga kana sonsa ne," in ji ta. "Shi ya sa na ƙara haɗa maka guda arba'in."

Muka zauna muna kallon juna, ina susa a fili karo na farko. Ita ta shafa mini man a baya, tana dariya har da hawaye.

Sanarwa: mai wannan rubutu ba likita ba ne, kuma bai ɗauki alhakin kaushi, ƙuraje, ko gudun abokan aiki ba. Wanda fatarsa ta fara saɓa ya nufi asibiti, kada ya nufo ni. In kuma matarka ta kama ka da wannan takarda, ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba.