Rasuwar Zabuwa, Motar Sarjan Kailu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da gajiya ba ta sake shi ba har yau, Sarjan Kailu ɗan Issa, tsohon soja mazaunin bayan kasuwar Filinge, yana sanar da ƴan'uwa da abokan arziki na Kurfai da Imanan rasuwar motarsa Zabuwa. Ta cika ranar Laraba da la'asar, ƙarshen bazarar 1959, cikin rairayin da ke kudu da gari, a kan hanyarta ta dawowa daga Yamai. Shekararta takwas a duniya, biyar daga ciki a hannunsa.

Marigayiya ƴar ƙarama ce, mai ruwan toka. Wani Nasara likitan dabbobi ne ya zo da ita ƙasar nan, da zai koma gida ya sayar wa Kailu, wanda ya koyi tuƙi a soja. An ƙera ta don mutum huɗu da titin birni, amma a Kurfai ba ta taɓa tashi da ƙasa da mutum bakwai ba, ban da awaki da damman gero a bisa. Kukanta ya ja mata sunan. In ta taso daga Bankuku, tun ba a ga ƙurarta ba ake jin ƙer-ƙer-ƙer, mata su fara kwashe shanya daga hanya. Ta kai wanda maciji ya sara gidan likita, ta kai mai karaya wurin maɗori, ba ta taɓa tambayar ko ɗan wane ne ba. Ba a faɗin aibin mamaci, sai dai gaskiya ita ce duk wanda ya taɓa shigarta ya taɓa tura ta.

Ciwon ajali ya soma bara da kaka. Tari ne da fari, sannan hayaƙi shuɗi, sannan ta riƙa shan mai kamar mai buɗa baki. Wata safiya ta ƙi tashi. Sahabi makanike, wanda suka yi soja tare da Kailu, ya buɗe cikinta ya daɗe yana kallo, ya goge hannu ya ce, “Sarjan, injin ga ya gama aikinai.” Sau uku ana aikawa Yamai neman kayan gyara, sau uku ana cewa suna cikin jirgin ruwa. Wata biyar ta yi a gindin aduwa, kaji na ƙwai a mazaunin baya. Kailu ya riga ya haƙura. Bayansa ya gaji da turi, kuma a ransa ya ce kowane mai aiki yana da ranar hutu.

Da nan maganar ta tsaya, ba don mahaifiyarsa Muna ba. Shekara bakwai ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, ido biyu duka. Sai ma'aikacin gidan likita ya kawo labari cewa wani likitan ido ya sauka Yamai, zai tashi kafin ruwan farko. Babbar motar fatake tana wucewa sau ɗaya a mako, amma a kan buhuna ake zama, can sama, kuma tsohuwar ba ta da ƙashin da zai ɗauki wannan. Da Kailu ya gaya mata, sai ta ce, “Soja, in ba cikin Zabuwa ba, bar ni da duhuna. Mun saba da juna.”

Sahabi ne ya tuna da wani injin gazuwal, wato mai shan man dizal, da masu haƙar rijiya suka bari a Sanam, wanda dā yake jan ruwa. Aka roƙi mai garin Sanam ya ba da aro, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, raƙuma biyu suka kawo. Kwana ashirin ana fama. Aka yanke gaban marigayiya don ya samu wurin zama, Baƙo maƙeri ya ƙera masa ƙafafu na ƙarfe, murfi ya ƙi rufuwa aka ɗaure da igiyar rijiya. Da aka sauke injin a ciki, hancinta ya sunkuya har yana neman taɓa ƙasa. Dijatu, matar Kailu, ta kawo musu fura ta tsaya tana kallo, ta ce, “Maigida, wagga dabba ba ta ɗaukar wanga kaya.” Kailu ya dubi Sahabi. Sahabi ya ce, “Za ta kai ku, in Allah ya so. Dawowa ce ban yi maka alkawari ba.” Saboda haka kada wani ya ce Kailu bai sani ba. Ya sani sarai, ya ce a ci gaba.

Ranar da ta tashi, sai da aka ɗumama injin da tsumma mai wuta, ƙarti biyu suka murɗa ƙarfen tayar da shi. Ta girgiza, ta yi aman baƙin hayaƙi, ta ce dum, dum, dum, kamar ana sussuka a gidan biki. Jama'a suka yi ta murna. Kailu kuwa ya tsaya gefe hannu a baya, don muryar da ya sani ta tafi, kuma ya gane ba za ta dawo ba.

Tafiyar yini ɗaya ta ci musu kwana uku. Sabon injin gudu ɗaya ya sani, na jan ruwa, ba ya ƙari ba ya ragi. Jijjigarsa tana kwance duk abin da aka ɗaura, Kailu yana tsayawa yana ɗaurewa, ya haƙe taya daga rairayi, ya shimfiɗa kaba, ya koma ya zauna. A Baleyara ƙofa ɗaya ta faɗi, ya ɗora ta a bisa. Muna na baya tana jan tasbaha, ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Suka iske likita saura kwana biyu ya tashi. Ya ce idon hagu ya riga ya mutu, ya yi wa na dama aiki.

Bayan kwana goma aka kwance ƙyallen da aka ɗaure mata ido da shi. Ta daɗe tana duban ɗanta, sannan ta ce, “Ka tsuhwa, Soja.” Da suka fito ta ga motar a inuwa, sai ta tsaya. “Wagga ce? Yadda take ruri na ɗauka ta kai ɗaki.” Ta zagaya ta a hankali tana shafa tabon walda da igiyoyin, ta ce mata sannu, kamar yadda ake gaida wanda ya dawo daga noma.

A dawowa Kailu yana jin ƙashin bayan motar yana tsagewa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin ƙafarsa, bai gaya wa kowa ba. Ta wuce Bankuku, ta haura tudu, har rufin gidajen Filinge ya bayyana. Nan aka ji ƙas sau ɗaya. Gabanta ya rabu da bayanta, injin ya zauna cikin rairayi yana ta dum, dum, kamar ba abin da ya faru, sai da Kailu ya miƙa hannu ya toshe masa mai. Ya zauna riƙe da sitiyari bai san iya lokacin ba. Da ya ɗaga kai, Muna ta riga ta fita, ta kama hanyar gari da ƙafarta, ba sanda, ba jagora. Ya ɗauki ƙunshin kayanta ya bi ta a baya.

Marigayiya ta bar Kailu da ciwon baya, da Muna mai ido ɗaya wadda tun dawowarta take gyara wa Dijatu tsintar tsakuwa a gero. Ta bar taya huɗu, biyu a cikinsu masu rai, da fitila ɗaya, da marasa lafiyan ƙauyuka waɗanda za su koma bayan jaki. Ta bar kuma injin gazuwal, wanda ko ƙwarzane bai yi ba, za a mayar da shi Sanam da godiya. Kailu ba ya riƙe da Sahabi a zuci. Yana roƙon duk wanda ya taɓa tura ta cikin rana ya yafe mata, kuma masu zuwa da labarin wata mota ta sayarwa a Yamai su yi haƙuri su bar shi.

Za a jawo gawa da shanun Baƙo ranar Asabar da hantsi, a kai ta maƙerarsa. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, Kailu bai yi gardama ba. Mazaunin baya za a kai shi ɗakin Muna, sauran jiki a yi fartanya da hauya kafin shuka. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida yini ɗaya tak, bayan la'asar. Kailu ba zai je maƙera ba. Ya roƙi Baƙo kada ya ɗaga guduma sai ya tabbata Sarjan ya kai gonarsa ta arewa, inda ƙarar ba ta isa.