Ƙarar da Na Kai Lauyan Kawu

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ranar da na gano cewa takardar ƙorafi ma tana da ƙafa, tana iya takowa har inda kake.

Ina aiki a shagon kargo na Kawu Sale a Deira. Shi ya kawo ni Dubai, bizata a hannunsa take, aikina kuwa liƙa sitika a jikin kwali. Amma a zuciyata ni lauya ne. Wata takwas ina kallon bidiyon shari'a a waya, a metro, a layin banɗaki, ko'ina. A gidanmu na Hor Al Anz, inda mu shida muke kwana ɗaki ɗaya, Barista ake ce min (ni na roƙa a fara, gaskiya).

Abin da ya fi burge ni shi ne ashe lauyoyi ma suna da masu tsawata musu! Akwai kwamitin ladabtarwa. Lauya ya tona asirin wanda yake karewa, ko ya yi wa ɓangare biyu aiki a shari'a ɗaya, sai a kai ƙorafi. Su yi masa gargaɗi, ko su dakatar da shi, in abin ya yi muni su soke sunansa gaba ɗaya. Na yi wa Isufu, ɗan Nijar da ke kwana a gadon samana, wannan bayani ya fi sau goma. Ƙarshe ya ce, "Mon frère, don Allah ka samu lauyan da za ka kama, mu huta."

Sai Allah ya kawo min shi, a ganina.

Lokacin Kawu yana shari'a da wani kamfanin manyan motoci da suka kayar masa da kwantenar tayil a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Lauyansa Ustaz Taha ne, wani dattijo Basudane mai sanyin magana. Rannan an aike ni da rana, ina wucewa ta gaban gidan mandi, inda ake sayar da shinkafa da naman rago, na leƙa ta gilashi. Wa zan gani? Ustaz Taha zaune dirshan da lauyan kamfanin motocin, wanda na taɓa gani a ƙofar kotu. Tire ɗaya! Suna dariya! Da idona na ga Ustaz ya tura masa cinyar rago gabansa.

Jama'a, a garinmu wanda ya ci tire ɗaya da abokin gabarka ai an gama magana. Na laɓe bayan wani ginshiƙi, na ɗau hoto, na ruga.

Mai hankali zai fara gaya wa Kawu. Ni kuwa so nake ya gani a aikace, ya daina ce min "kai dai liƙa sitika". Na nemo shafin da ake shigar da ƙorafin lauyoyi, na rubuta shafi huɗu da Hausa, waya ta juya min zuwa Larabci. Hujja ta ɗaya, tire. Hujja ta biyu, dariya. Hujja ta uku, cinya. Na buga hatimin shagon Kawu don abin ya yi nauyi, a ƙasa na sa: Barista Nura, mai ba kamfani shawara kan shari'a.

Abu ɗaya ne bidiyoyina ba su faɗa ba, ko sun faɗa ina gyangyaɗi: ba a hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba. Kwafin ƙorafin ake aika wa lauyan ya ba da amsa. Da sunanka. Da hotonka na tire.

Talatar nan shago cike yake, Hajiyoyi 'yan Kano uku suna jiran a auna musu kaya, sai ga Ustaz Taha da takardu a hannu. Ya gaisa da Kawu, ya ce cikin Hausarsa ta Sudan, "Alhaji, ina son ganin Barista Nura na kamfaninka."

Kawu ya ce, "Barista wa? Nura ɗaya gare mu, ga shi can da salatif a baki."

Ustaz ya karanta takardar a fili, tun daga farko, yana mayar da ita Hausa. Da ya zo kan cinya, wata Hajiya ta ce, "Ɗan nan, cinyar ma sai da ka kai ta ƙara?" Sai ya ɗora wayarsa kan teburi, ya buɗe hoton, ya ja shi da yatsa biyu.

"Habibi, zo. Hannu nawa ka gani a tiren?"

Na duba. Biyu... uku. Daga gefen da ginshiƙin da na laɓe ya kare min, wani hannu ya miƙo yana dunƙula shinkafa. Da zoben azurfa mai jan dutse. Na ɗago kai a hankali. Zoben yana yatsan Kawu, yatsan kuma ni yake nunawa.

Ashe zaman sulhu ne. Kawu ne ma ya kira cin abincin, a nan aka shirya, kamfanin suka yarda za su kawo masa sabon tayil.

"Ni na ce a tura masa cinyar!" in ji Kawu. "Ni! Don ubanka, ni ka kai ƙara?"

Ustaz bai ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. Ya ce shekara ashirin yana aiki ba a taɓa rubuta sunansa a wannan ofis ba sai a kan rago. Sannan ya nuna ƙasan takardar. "Ka san ofishin nan ba lauyoyi kaɗai suke bi ba? Suna bin wanda ya kira kansa lauya ba shi da lasisi. Ina naka?"

Wallahi a take na hango kaina a filin jirgin Kano da jakar leda. Na durƙusa kan kwalin wata Hajiya (turare ne a ciki, har yau tana min magana), na ce, "Ustaz, sunan wasa ne, 'yan ɗakinmu ne suka..."

"Halas, ya isa. Zauna ka rubuta takardar janyewa. Abin da na faɗa kawai, kar ka ƙara hujja."

Ya faɗa, na rubuta. A wajen sa hannu ya ce in sa aikina na gaskiya. Na rubuta: Nura, mai liƙa sitika. Kawu ya karɓa ya duba, ya ce, "Yauwa, wannan kana da lasisinsa."

Ustaz ya tambaye shi ko zai kore ni. Kawu ya ce a'a, shi ma yana da nasa kwamitin, kuma ya zauna ya gama. Hukunci: wata biyu a sito na Jebel Ali, tun daga zafin Yuli, ni zan sauke sabon tayil ɗin da aka samo a zaman da na kai ƙara. Babu ɗaukaka ƙara.

Har yanzu ina son shari'a, ban fasa ba. Amma na koyi abin da babu shi a bidiyo ko ɗaya: kafin ka kai tire gaban kwamiti, tsaya ka ƙirga hannayen da ke ciki, musamman in ɗaya daga cikinsu shi ya sa hannu a bizarka.