Ashafa da Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa na Erdington

"Ni Ashafa, in aka ce jirgin ƙasa, to sunana aka kira! Ku ba ni shebur kawai, Birmingham za ta riga Manchester samun underground, jirgin ƙarƙashin ƙasa!"

Haka mutumin naka ya faɗa yana dukan ƙirji a taron ƙungiyar Hausawan Erdington, wata unguwa a Birmingham. Kada ka ɗauka injiniya ne, aboki. Duk ilminsa na jirgi, shekara goma sha ɗaya ce da ya yi yana hawa jirgin tram zuwa wani sito a Cheetham Hill, can Manchester, inda yake ɗaga kwalayen takalma. Watansa uku da ƙaura daga Manchester, amma ya ishi kowa da "mu a can". Aka laƙaba masa Sarkin Dogo, gogan ya ɗauka yabo ne.

Akwai wani tsohon layin dogo a bayan unguwa da ciyawa ta cinye, hukumar gari kuma, wato council, tana neman ra'ayin jama'a: a mayar da jirgin masu zuwa aiki a kansa, ko a haƙa na ƙarƙashin ƙasa? Wakili ɗaya ƙungiya za ta tura, kuma shugabarta, Hajiya Shetu, 'yar Kumasi mai kaifin baki, ita za ta zaɓa. Ashafa kuwa tuni ya buga wa mutanen Manchester waya cewa an naɗa shi.

Sai Zinatu ta ɗaga hannu. Ita ce injiniyar gaske.

"Baba Ashafa, hanyar nan a shimfiɗe take. Gyara kawai take so, a ɗora train, mutane su je aiki. Underground sai inda jama'a suka cika maƙil, kuma sai an yi survey an ga ko akwai ruwa a ƙasa."

"Ruwa? Haba 'yata, karatun uni ya ɓata ki! Ƙasar nan busasshiya ce kamar kilishi. Asabar da hantsi kowa ya zo in haƙa ku gani. In aka ga ɗigon ruwa, ki ɗauki kujerar wakilcin."

"Kowa ya shaida," in ji Hajiya.

Ran Asabar ya riga kowa zuwa, da babbar riga sabuwa fil, da hular kwano ruwan ɗorawa a kan hularsa zanna. Ya tarar da ƙofar layin a garƙame. Ya kama shinge zai haura, sai ji kake ɓarrr, wando ya rabu gida biyu. Ya sauko yana rufe baya da riga.

"To, ai ƙasa duk ɗaya ce," ya ce, ya faɗa 'yan lambunan haya da ke jikin shingen.

Ya zaɓi inda ƙasa ta fi laushi, ya yaye wata leda da aka rufa, ya tuge ganyayen da ke ƙarƙashinta ya watsar, yana tsaki wai Turawa ba su iya noma ba. Ya haƙa, ya haƙa, har rami ya kai masa ƙugu. Murna ta kama shi, ya ɗaga shebur ya kafta da ƙarfin tsiya. Ƙwas! Bututun ban ruwan lambun ne ya fashe.

Daidai lokacin jama'a suka iso. Ashafa ya yi wuf ya take wurin da ƙafa biyu, ya baza riga a bakin rami, ya washe baki.

"Kun gani? Bone dry! Ko ɗigo babu!"

"Baba, wane ƙara ne nake ji?" in ji Zinatu.

"Cikina ne. Ban karya ba."

Ruwa dai bai san Sarkin Dogo ba. Ya taso gwiwa, ya wuce ƙugu, riga ta kumbura tana iyo. Ashafa ya yunƙura zai fita, taɓo ya riƙe ƙafafun gam, yana jan sa ƙasa har ruwa ya kai wuya. Mutane suka kwashe da dariya, har wani tsoho sai da aka riƙe shi.

Hajiya Shetu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta ɗauki ganye ɗaya cikin waɗanda ya watsar.

"Ashafa, ka san mene ne wannan?"

"Ciyawa ce, Hajiya."

"Yakuwata ce! Shekara huɗu ina jiran layi a waiting list kafin in samu lambun allotment ɗin nan. Wata biyar ina lallashinta a sanyin garin nan kamar jaririya!"

"Hajiya, technical problem ne..."

"Zinatu, 'yata, ke za ki je council ki wakilce mu."

Zinatu ta ji tausayinsa, ta miƙa masa sanda. "Hajiya, bari mu ciro shi, sanyi zai kama shi."

"A'a, ku dakata tukuna." Hajiya ta zaro waya ta saita shi, daga shi sai kai da hular kwano a saman ruwa. "Ashafa, yi murmushi, mutanen Manchester za a tura wa. Su ga an buɗe underground, har fasinja na farko ya shiga, saukar ce ta gagara."