An Ƙaddamar da Kwamfutar Gidanmu

Kwamfutar da na gyara da kuɗina, wadda mazauninta yake tsakanin firji da kujerar zaman falonmu, ta zama dukiyar gwamnati. An ƙaddamar da ita ranar Talatar da ta wuce, a hawa na biyu na hukumar da ke sabunta lasisin ma'aikatan lafiya. An yi tafi, an ɗauki hoto. Ina wajen. Ni ma na tafa, domin na ga ana kallon waɗanda ba su tafa ba.

Ga yadda aka yi. Uwargida ungozoma ce a asibitin unguwa. Bana hukumar ta sanar cewa zamanin takarda ya wuce: duk wanda bai sabunta lasisinsa ta intanet ba kafin ƙarshen wata, ya zauna a gida. Muka kunna tsohuwar kwamfutarmu, wadda takan ɗauki lokacin da mutum zai yi wanka ya shafa mai kafin ta farka. Shafin hukumar ya dube ta, ya ce ba ya hulɗa da irinta.

Na naɗe ta a zane, na kai wa mai gyara a kasuwar kayan waya. Niyyata in sayi sabon furosesa kawai, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata tunani, a cire tsohon a sa shi. Mai gyara ya yi dariya har ya ajiye sukundireba. Ya ce ai sabon furosesa ba ya zama a kujerar tsoho. Ƙafafunsu ma ba iri ɗaya ba ne. In ya zo, sai an canja masa madabod, babban allon da komai ke hawa kansa. Sabon allo kuma ba ya shiri da tsohon ram, wato ma'ajiyar tunani ta wucin gadi, sai nasa. Sannan yana buƙatar fanka ta musamman, don shi ba ya son zafi, da akwatin wuta mai ƙarfi, don ci gare shi. Na ce masa na gane, na taɓa ganin an naɗa sabon shugaba a ma'aikata.

Ya jera mini zaɓi a kan tebur. Akwai na kwali, mai suna kamar lambar jirgin sama, wanda ya ce ya fi ƙarfin cike fom da kallon hotunan jikoki. Akwai mai arha, wanda zai gaji kafin shekara. Sai ya duba hagu da dama, ya jawo wani daga ƙarƙashin benci, allo da furosesa da ram a haɗe, da ɗigon koren fenti a gefe.

"Na hannu ne," in ji shi, "amma wallahi bai taɓa aiki ba."

Na tambaye shi yadda abu zai zama na hannu kuma bai taɓa aiki ba.

"Daga ofis ya fito, Yallaɓai."

Na biya, ya haɗa mini su. Hujja ce da ba ta musuntuwa.

Gaskiya kayan sun yi. Kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli ta buɗe. Uwargida ta cike komai, ta ɗora hotonta, ta danna aikawa. Sai wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa. Ta juya muka ci abinci, ta juya muka kai yara makaranta, washegari ma tana nan tana aikinta, ita kaɗai ce ma'aikaciyar hukumar da ban taɓa ganin ta tafi hutu ba.

Na tafi ofishin da kaina. Ɗaki ne mai faɗi, kwamfutoci a jere kamar 'yan makaranta, kowace da hularta ta leda. Jami'in da ke kula da lasisi ya karɓe ni da mutunci. Ya girgiza maus, ya ƙura wa baƙin gilashi ido, ya ce babu sabis. Na sunkuya zan sa cajin wayata a bango, sai idona ya faɗa bayan akwatin kwamfutarsa. Haske na shiga ta gaba yana fita ta baya. Babu allo, babu fanka, babu waya ko ɗaya. Abin da ke ciki kular abincinsa ce, da cokali. A gefen akwatin kuwa ga ɗigon koren fenti.

Mai hankali shiru zai yi. Ni sai na ce masa ina jin 'yan hanjin wannan akwatin suna falona, kuma lafiyarsu lau.

Bai firgita ba. Ya rufe ƙofa, ya ba ni kujera, ya fara kirana Babban Yaya. Ya ce Allah ne ya kawo ni. Mai Girma Uban Almakashi zai zo duba aikin zamanantar da hukumar, kuma ana neman kwamfuta guda, guda tak, wadda in an danna za ta kawo haske. In na ba su aron tawa na yini ɗaya, lasisin Uwargida shi ne abu na farko da za a buga a kanta.

Da na kai labari gida, Uwargida ta ce ita aikinta fito da abu ne daga inda ya maƙale, amma ba ta taɓa ganin abin da ya shiga ofis ya fito ba. Na ce mata wannan harka ce ta maza masu fahimtar fasaha. Ta ce to.

Ranar bikin an goge kwamfutar, an ɗaura mata ƙyalle. Mai Girma ya iso a makare, da motocin da suka toshe titi, ya yanke ƙyallen, ya danna, ta buɗe nan take. Ya juya ga 'yan jarida ya ce wannan somin-taɓi ne, irinta ɗari suna kan hanya. Hoton ɗan autanmu da ke fuskar gilashin, yana sanye da rigar makaranta, aka bayyana shi a matsayin alamar manyan gobe. A nan ne na tafa.

Dole in yaba musu, ba su ɓata lokaci ba. Kafin a kwashe kujeru, wani ya zo da gwangwanin fenti ya rubuta mata lamba. Da na miƙa hannu zan cire waya, mai gadi ya ce in bi a hankali, taɓa kayan gwamnati laifi ne. Jami'in ya ce in kwantar da hankalina, Babban Yaya, tunda an ƙaddamar da ita a gaban kyamara ba za ta fita haka kawai ba, sai kwamiti ya zauna. Na ce to a buga lasisin. Ya ce ai an ga ta fi ƙarfin ƙananan ma'aikata, an hau da ita ofishin darakta, darakta kuma ya tafi taron bita kan amfani da kwamfuta.

Wa'adin ya cika ranar Juma'a. Uwargida tana gida, ta wanke fararen kayanta ta ninke. Jiya na koma neman ko dai kwamfutar ko lasisin. Sakatariyar darakta ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ƙorafina yana da ƙarfi sosai, amma hukumar ta daina karɓar koke da baki ko a takarda. In koma gida in shigar da shi ta intanet.