Rubutun Mai Buroshi

"...lafiya lau, Amarya, sai dai tun safe ko ruwan shayi ban gani ba. Kin sake ni kin auri kwamfuta ne?"

"Wa zai zauna da mijin da haƙoransa uku, biyu ma na aro?"

Haka Mai Buroshi ya shigo ɗakin jikarsa yana dogara sanda. Shekara arba'in ya yi yana rubuta allunan shaguna kafin hannunsa ya soma rawa. Ita kuwa jikar, tallan bidiyo take haɗawa, irin wanda rubutu ke tasowa daga nesa yana girma. Mai gidan burodin bakin titi ne ya ba ta aiki, ya kafe sai dai tsohon ya rubuta sunan shagon, tunda shi ya yi masa allon farko. Kwana uku bawan Allah yana fama da takarda, sannan ta bi layinsa ta shigar a kwamfuta. Yau ƙarfe huɗu za a zo karɓa, ga shi ta haɗe rai.

"Me ya faru kike hararar sabon mijin naki kamar ya ci miki bashin gaisuwa?"

"Zo ka gani, in idon zai kai."

"Idon da ya hango kakarki daga ƙarshen layi?"

"Shi ya sa har yau take cewa tsautsayi ne."

Ta kunna. Burodi ya fito tas, har ɓawonsa ana gani. Sai rubutun ya taso, yana girma yana dushewa, kafin ya cika fuskar kwamfutar gefensa ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa ruwa.

Tsohon ya ƙura wa rubutun ido. A hankali ya tura hannun dama cikin aljihu. Abin da yake tsoro ke nan tun ranar da ya karɓi takardar: a ce rawar hannun ta fito kowa ya gani.

Amma bakinsa bai mutu ba. "Wai yaya abin nan yake? Burodin da rubutun ba tare suke ba?"

"Hawa-hawa ne, Tsoho. Bango a ƙasa, burodi a kansa, rubutunka a sama. Kowanne da nasa ingancin."

"Au, shafi kan shafi! Fenti ne ashe, kuka sa masa wuta kuna mana yanga. To ki ƙara wa nawa ingancin mana, ko rowa ce irin ta gidanku?"

"Gidanmu ai kai ne tushensa. Na kai shi ƙarshe tun ɗazu. Sauran sun washe, naka ya ƙi."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana, muryar ta sauka.

"In hannuna ne, ki faɗa mini. Ki cire, ki sa rubutun inji. Kada ki rasa aiki saboda ni."

"Allah ya sawwaƙe. In cire, wa zan riƙa yi wa gori?"

Ta faɗa da wasa, amma ba ta kalle shi ba. Ya jawo kujera ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin. Tambaya dai ba ta ƙare masa.

"Mayar da shi baya, lokacin da yake ƙarami." Ta mayar. "Ikon Allah! Nan ai tsaf yake. Da kika saka shi, girmansa nawa?"

"Kamar tafin hannu."

"Da zai girma fa, me kwamfutar take yi masa?"

"Ja take yi."

"Ja? Kamar roba?" Ya buga sanda a ƙasa. "Malalaciya! Ashe kin samu miji daidai ke. Ni in aka ce a ninka allo, ba na jan ƙaramin, ai fenti ba ya miƙuwa. Sabo nake zanawa daidai girmansa. Ba a iya ce mata ta sake zanawa?"

Jikar ta buɗe baki za ta rama, sai ta tsaya. Ta kai kibiyar kwamfutar kan wani ɗan akwati a gefen layin rubutun, wanda ta tsallake tun jiya.

"Kai! Wannan ne. Shi ke sa ta sake zana shi a kowane motsi."

"Rashin sani ya fi dare duhu. Danna, 'yar boko."

Ta danna, ta kunna. Rubutun ya taso, ya girma, ya cika fuska, gefensa kamar an yanka da reza. Har 'yar lanƙwasar da yake yi wa wutsiyar harafin ƙarshe, wadda duk garin aka san shi da ita, ta fito sumul, ko gargada babu.

Tsohon ya zaro hannun daga aljihu. Yana rawa, ya kai shi kusa da gilashin ya bi lanƙwasar da yatsa. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Kuka kake, Ango?"

"Hasken mijinki ne ya shige mini ido."

Ta fashe da dariya. "Na sallama. Na mayar da aurenmu, da haƙora ukun da komai. Bari in kawo shayin."

"Bar shi ya jira," in ji shi, bai ko waiwayo ba. "Sake kunna mini."