Yadda Falon Alhaji Attahiru Ya Ci Gasa

Duk wanda ya ce Bodinga ba ta haifi masanin fim ba, bai taɓa zama da Alhaji Attahiru mai yadi ba. Wannan bawan Allah ya taɓa zuwa Kano sarin kaya, ya tarar ana ɗaukar fim a bakin kasuwa, ya kutsa cikin 'yan kallo. Da fim ya fito, sai ga ƙeyarsa ta gilma a bayan jarumi. Tun daga ranar ilimin fim ya sauka masa gaba ɗaya. A gaban idonsa ana kiransa Darakta, in ya ba da baya kuma Jarumin Ƙeya.

To, da matasan Bodinga da na Shagari masu shirya fim da waya suka haɗa 'yar gasa, wa za a ba alƙalancin ado da tsarin ɗaki in ba shi ba? Ba a ma kai ga roƙonsa ba ya amsa.

A wannan yanki ba a ɗinka wa fim kaya, ba a gina masa ɗaki. Aro ake yi. Tun kafin gasar, wani yaron Shagari mai suna Saifuddeen ya zo ya durƙusa har ƙasa, ya roƙi aron falon Alhaji da babbar rigarsa ta fita kunya. Alhaji ya ji daɗi, baki har kunne, bai ko tambayi labarin fim ɗin ba. Ai falon abin a nuna wa duniya ne. Labule kowace taga da kalarta, kujeru har yau ba a cire musu leda ba, agoguna a jere a bango babu mai motsi ko ɗaya, ga furen roba a cikin tulu, ga firji da aka mayar ma'ajiyar huluna. Rigar kuwa ruwan ɗorawa ce da aikin shuɗi, tana ɗaukar ido tun daga kan titi. Abin da Alhaji yake so bai wuce ɗaya ba: falonsa da rigarsa su ci kofi a gaban jama'a, kowa ya shaida babu mai ido kamarsa. Sai Allah ya sa shi ne alƙali, aiki ya zo da sauƙi.

Kowane gwani da tsarinsa. Na Alhaji shi ne kallon fim da murya a kashe. In an tambaye shi sai ya gyara tabarau ya ce, "Ni ado nika dubi, ba surutu ba. Haka manya ka yi Kano."

Haka ya zauna a shagonsa, ya jingina waya da bandir ɗin shadda, ya fara auna 'yan takara. Fim ɗin Ramla 'yar Lambara a kan manoman albasa ne, an ɗauke shi a fadama da kuma cikin rumbu. Alhaji ya ga laka a ƙafar wandon jarumi, ransa ya ɓaci, ya dubi Ramla da ke tsaye a bakin shagon.

"Ke Ramla, babu mai guga garinku?"

"Ranka shi daɗe, ban ruwa shika yi."

"Ko ban ruwa shika yi, ai gaban kyamara shike. Shi sa shadda."

Na Faruk kuma a ruga aka yi shi, da bukka da ƙore da malfa, komai tsaf. Nan ma idon gwani ya gano aibi: shanun ba su yi shiga iri ɗaya ba, farare a haɗe da jajaye. Ya ce wannan sakaci ne, ya zaftare maki.

Da ya zo kan na Saifuddeen sai da ya yi ƙwalla. Ga rigarsa tana shawagi a falonsa, mai sanye da ita yana ɗaga hannu yana bayani, mutane na kallonsa baki buɗe. Alhaji ya ce a ransa lallai wannan babban mutum ne.

Ranar ba da kyauta, bayan la'asar, ɗakin taro ya cika maƙil, har da hakimi da mutanensa. Alhaji ya shigo sanye da rigar nan, don kada wani ya kasa gane mai ita. Ya karɓi makirufo kafin a nuna komai.

"Jama'a, adon ƙwarai shi na wanda ka hwaɗa maka halin mutum tun bai buɗe baki ba. Wagga riga da za ku gani, da wanga ɗaki, sun dace da mai su ɗari bisa ɗari. Na ba su kofi."

Aka kashe fitila, aka kunna fim ɗin Saifuddeen, wannan karon da lasifika. Sai Alhaji ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ashe mai rigar wani ɗan cika baki ne da ya taɓa leƙa birni, ya dawo yana koya wa kowa abin da bai sani ba. Tafiyarsa ta Alhaji, gyaran tabarau na Alhaji, har kakin da yake yi kafin magana. Dariya ta fara daga baya, ta gangaro layi-layi har ta iso kujerar hakimi, wanda ya rufe baki da bakin rawani, kafaɗunsa na rawa. Mutane su dubi bango, su waiwayo su dubi alƙali. Kunya ta rufe Alhaji, zufa ta jiƙa aikin shuɗin nan, ga rigar ba ta ɓoyuwa.

Da aka kunna fitila Saifuddeen ya fito karɓar kofi, ya durƙusa wa Alhaji da ladabi.

"Baba Alhaji, Allah shi ƙara girma. Mun yi yawo Shagari, mun yi Dandin Mahe, har Mandera munka kai, muna biɗar ɗakin da mutum za shi gani shi hwashe da dariya tun ba a ce komi ba. Ba mu samu ba. Da munka shiga naka, wallahi ko kujera ba mu gusa ba."

Aka ɗauki tafi. Alhaji ma ya tafa, don da bakinsa ya yanke hukuncin.